Bim a Soron Kaka

Ni dai karatuna bai yi nisa ba. Daga aji uku na sakandare na ajiye, na shiga shagon walda na Malam Nazir a Talata Mafara. Shekara bakwai ke nan ina tare da shi. Da farko ƙofa da taga muke yi, da gadon ƙarfe. Daga baya, da masu shinkafar Bakolori suka fara gina manyan rumfunan ajiya da gidajen casa, sai aikin bim ya shigo mana. Bim shi ne dogon ƙarfen nan mai nauyi da ake girkawa a kan ginshiƙai ya ɗauki rufi ko bene. In ka leƙa bakinsa za ka ga leɓe a sama, leɓe a ƙasa, da siririn bango a tsakani. Abin da na iya ke nan a duniya, kuma ina sonsa.

Garinmu Damri ne, ta wajen Bakura. A can kakata take, wadda ta haifi babana. Sunanta Taibatu, amma ba wanda ya isa ya faɗa, Kaka kowa ke cewa. Ɗakinta soro ne na ƙasa mai rufin azara, wanda kakana marigayi ya gina da hannunsa shekarar da ya aure ta. Shi magini ne. A tsakanin azarorin, inda aka yi yaɓe, har yau ana ganin sawun yatsunsa. Wuri ɗaya ma, daidai tsakiyar rufin, tafin hannunsa ne gaba ɗaya ya fito, har da ƙaramin yatsansa da ya karkace. Tun muna yara muke nuna wa juna shi.

Bara da damina rufin ya lotsa a tsakiya. Bai faɗi ba, amma ya yi ciki kamar ƙwarya, ƙasa na zubowa kaɗan-kaɗan a kan gado. Baffa Ishaƙ, babban ɗanta da ke koyarwa a Maradun, ya zo ya gani, hankalinsa ya tashi. Cikin rani ya sa aka gina mata ɗakin bulo mai kwano a gefen gidan, ya ce kafin ruwan farko ya sauka za ta koma can, a rushe soron. Ba mugunta ba ce. Tsoro yake ji kada wata rana a buga masa waya.

Ranar da na je gida na same ta zaune a bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, ta tambaye ni gajiya, da aiki, da Malam Nazir, da mutanen Mafara ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su. Sannan ta dubi hannuna.

“To, ga mijin nawa ya iso, hannu na dukan cinya. Ina cefane?”

Na ce, “Amarya, ai ke ce kika ƙi tarewa. An gina miki ɗaki sabo fil, kin bar shi awaki na leƙe.”

“Wancan tanda? Jiya da azahar na shiga, nij ji kamar an kihe ni da tukunya. Sufyanu, ni ba ni komawa can. Shekara hamsin da wani abu ina ɗakin ga. Nan nih haihi ubanka. In ranata ta zo, nan za ta iske ni.”

Da wasa ta fara, amma ba da wasa ta ƙare ba. Na shiga ɗakin na ɗaga kai. Na daɗe ina kallo. Azarorin ba su ruɓe ba, gara ba ta taɓa su ba, gajiya kawai suka yi da ɗaukar ƙasa. Na ga in aka sa bim guda ɗaya a ƙarƙashinsu, ya ratsa ɗakin ta tsawonsa ya tallabe su duka a tsakiya, ba abin da zai sami rufin nan.

Na buga wa Baffa waya na yi masa bayani. Ya ce, “Sufyanu, ran mutum ne fa. Zan zo ranar Asabar ta sama. In na ga abin da ya kwantar mini da hankali, to. In ban gani ba, a ranar za ta bar ɗakin, kuma kada in ji bakin kowa.”

Na ce na yarda.

Na ciro tef zan yi awo. Na nufi gadon Kaka zan taka in kai sama, ta daka mini tsawa.

“Kai! Da ƙahwahun walda za ka hau mani gado? Ko kakanka bai taɓa ba.”

Na yi dariya na fasa. Ai ba komai, in ji ni a raina. A ginin bulo da na saba, bango a miƙe yake, abin da ka auna a ƙasa shi za ka samu a sama. Na shimfiɗa tef a daɓe daga bango zuwa bango, ƙafa goma sha biyu cif. Na ƙara inci shida a kowane gefe, inda ƙarfen zai shiga cikin bango ya zauna. Ƙafa goma sha uku ke nan. Na rubuta a bayan hannuna.

Malam Nazir mutumin kirki ne. Da na ba shi labari, ya nuna mini wani bim da ya rage daga aikin wani gidan casa, ƙafa goma sha biyar, ya ce, “Ɗauka, ka ce Kaka ta sa mu a addu'a.” Ni da kaina na ja layi da alli, na yanke ƙafa biyu na jefar gefe. Na goge shi, na shafa masa jan fenti har sau biyu don tsatsa. Guntun da na yanke kuwa, washegari aka yayyanka shi aka yi wani aiki da shi.

Ranar Alhamis da hantsi muka ɗora bim ɗin a akori-kura, da ƙaramin injin walda da janareto da jak biyu na mota da na aro, muka kama hanyar Damri. Hadari ya fara leƙowa ta gabas kwana biyu ke nan, yana haɗuwa yana watsewa. Manoma duk sun gama sharar gona.

A ƙofar gida muka tarar da Baba Nasidi. Shi ne abokin aikin kakana, tare suka yi gini shekara talatin, kuma shi kaɗai ya rage a garin cikin maginan ƙasa na da. Na aika masa tun farko ya zo ya huda mini bango a sama, don ba na so in taɓa ginin ƙasa da hannun da bai san shi ba. Tsoho ne siriri, mai ƙaramar murya, kullum da goro a kunci.

Bayan mun gaisa ya zagaya bim ɗin sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi da sanda.

“Wanga shi na ƙarhen da za ya yi abin da azara ta kasa?”

“Taimaka mata zai yi, Baba.”

“To, injiniya. Kamu nawa na?”

“Ƙafa goma sha uku.”

“Ni ban san ƙahwa ba.”

Ya sa aka kawo masa doguwar gora. Ya shimfiɗa ta jikin ƙarfen, ya yanke ta daidai tsawonsa. Ya shiga ɗakin da ita, ya ce in kama gefe ɗaya. Muka hau turmi, ni a nan shi a can, muka ɗaga gorar har ta taɓa azara.

Gorar ta shige tsakanin bangon biyu sumul. Ta wajena tana shafar yaɓe, ta wajensa har akwai wurin sa yatsa. Inci shidan da na ƙara a kowane gefe babu su, sun ɓace.

Na sauka na sake shimfiɗa tef a ƙasa. Goma sha biyu. Na hau turmi na auna sama. Goma sha uku da ɗan ɗoriya. 

Baba Nasidi ya tauna goronsa a hankali. “A ƙasa ka auna?”

“A ƙasa, Baba.”

“Ɗan nan, bangon ƙasa ba bulo ba na. Gindinsa muke yi da kauri, yana tahiya sama yana sirancewa. In ba haka ba, mi za ya riƙe shi? Kowane soro ka shiga, samansa ya hi ƙasansa hwaɗi. A cikin irinsa anka haihe ka, ba ka taɓa dubawa ba?”

Ban taɓa ba. Na fita na zauna a kan bim ɗin cikin rana. Maƙwabcinmu Sadiƙ, wanda ya zo taya mu ɗauka, ya ce, “To ba sai ka liƙa masa wani guntu ba? Ai ga injinka nan.” Na ce guntun babu shi. Ko da akwai, ba zan yi ƙari da ɗan ƙaramin injin nan a ƙarfen da zai ɗauki ƙasa mai nauyin wannan a saman kan Kaka ba. Malam Nazir bai koya mini haka ba. Wani bim ɗin kuma babu a shago, sai an yi oda daga Gusau, kuma ba zai iso kafin jibi ba.

Kaka ta fito da kwanon fura ta ajiye a gabana. Ba ta yi mini tsiya ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Cewa kawai ta yi, “Sha, ka sha rana.” Ta koma ciki. Ta ƙofa na hango ta ta fara sauke kwanukanta daga kan kantar bango tana jerawa a cikin buhu.

Baba Nasidi ya bar ni har na sha rabin furar, sannan ya zo ya tsuguna kusa da ni.

“In gaya maka gaskiya? Ko da ya kai, raina bai so ba. Ƙarhen ga bakinsa ƙarami na, ga nauyi. Ka aza shi bisa bangon ƙasa, damina biyu bangon ya sha ruwa, sai ya dinga nutsewa awa wuƙa cikin tuwo.”

“Baba, me ya sa ba ka faɗa ba tun da na aiko?”

“Kai na injiniya. Wa za ya ji maganar mai taɓo?” Ya yi murmushi. “Tashi mu tahi gidana.”

A bayan gidansa, ƙarƙashin wata rumfa, ya yaye tsohuwar tabarma. Azara ce guda shida, baƙaƙe wuluk, masu kauri, an jera su a kan duwatsu. Na ƙwanƙwasa ɗaya, ta yi ƙara kamar ƙarfe.

“Na zauren Liman na da,” in ji shi. “Ni da kakanka munka ruhe shi. Da sunka rushe za su sa bulo, nik kwaso waɗanga. Shekara goma sha ɗaya uwargida na yi masu kallon itacen girki, ina hanawa.”

Daga cikin gida matarsa ta ɗaga murya, “A kwashe su dai, in samu wurin ɗaure tunkiya!”

Dabararsa ita ce kada ƙarfen ya taɓa bango sam. A haƙa rami jikin bango a kowane gefe, a kwantar da faffaɗan dutse, a tsayar da azara uku a ɗaure su wuri ɗaya su zama ginshiƙi, bim ɗin ya zauna a kansu. Tunda ginshiƙan daga ƙasa za su tashi, inda ɗakin ya fi ƙunci, ƙarfena ya kai har ya yi saura. Na tsaya na auna abin a kaina. Na ce zan yi wa kowane ginshiƙi hula ta faifan ƙarfe mai baki, ta rungume kawunan azarar uku, in liƙa bim ɗin a kanta, don kada ya zame kuma kada ya tsaga itacen.

“Ka ga wannan ni ban sani ba,” in ji Baba Nasidi. “Ashe ana koya maku wani abu.”

Ranar Juma'a tun da sassafe muka fara. Muka fitar da gado da akwatuna. Baba Nasidi ya ɗauko gorarsa ya tsaya tsakiyar ɗaki yana neman inda ginshiƙan za su zauna, ni kuma na hau turmi na ja layi da alli a jikin azarorin, daidai tsakiya, inda bim zai bi. Kaka na tsaye a bakin ƙofa. Na juyo zan ce mata ta matsa don ƙura, sai na ga ba ni take kallo ba, layin take bi da ido. Na bi shi ni ma. Ya ratsa ta kan tafin hannun kakana. In ƙarfen ya hau, zai rufe shi ruf.

 Ta gyara ɗaurin zaninta, ta ce bari ta je ta duba wuta.

Na ce, “Baba, in muka matsa da shi taƙi ɗaya wajen ƙofa, akwai matsala?”

Ya ɗaga kai ya ga abin da na gani. Ya daɗe bai sauke ba.

“Ranar da kakanka ya yi wanga, santsi ya kwashe shi bisa tsani, yad dahe da hannu. Nic ce ya shahe, yac ce a bar shi, amarya ta san wa ya yi mata ɗaki.” Ya share ido da bakin riga. “Matsa da shi. Lotsawar ma ta hi yawa ta wajen ƙohwa.”

Na goge layin da yawu, na ja sabo.

Mutum shida muka shigar da bim ɗin, a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa. Nan ma sai da aka yi gardama. Sadiƙ da sauran suka dage a kwantar da shi a kan faɗinsa, wai ya fi zama daram. Na ce a tsaye ake sa shi, leɓe ɗaya sama ɗaya ƙasa, ƙarfinsa duk a bangon tsakiyar nan yake. Ba su yarda ba sai da na ɗauko wani falanki na ɗora a kan turmi biyu. A kwance, Sadiƙ ya hau ya lanƙwashe har ya kusa taɓa ƙasa. Na juya shi a kan gefensa, ya hau, ko motsi.

“Ku bi maganar yaro,” in ji Baba Nasidi. “Nan gonarsa ta.”

Muka ɗaga shi a kan jak biyu da guntayen katako, a hankali, ana ɗagawa ana tarewa. Da ya taɓa azarar da ta fi lotsawa, na so in ƙara matsawa rufin ya koma daidai. Baba Nasidi ya riƙe mini hannu.

“Tsaya nan. In kac ce sai ya miƙe, ƙasar bisa za ta tsage, ruwa ya samu hanya. Bar shi yadda ya saba, kai dai tallabe shi.”

Sauran azarorin da ba su kai ga ƙarfen ba, ya fiƙe 'yan itatuwa ya cusa a tsakani, ɗaya bayan ɗaya, yana bugawa yana saurare. Muka tashi sallar Juma'a, muka dawo muka tsayar da ginshiƙai, na yi walda ina tare tartsatsi da tsohon kwano. Kafin la'asar muka sauke jak. Rufin ya yi wata 'yar ƙara, ƙasa kaɗan ta zubo, shi ke nan ya yi shiru. Baba Nasidi ya yanka gorarsa daidai tsayin ɗakin, daga daɓe zuwa azarar tsakiya, ya ce a ajiye, ita za ta gaya mana gaskiya.

Baffa Ishaƙ ya iso ranar Asabar da hantsi. Ya gaida mahaifiyarsa, ya shiga ɗakin. Ya girgiza ginshiƙan da hannu biyu. Ya sa tsani ya hau saman soron, muna jin takunsa daga ciki, ya je ya dawo, har da ɗan tsalle, shi da girmansa. Ya sauko yana haki.

“Busasshiyar ƙasa ce,” ya ce. “Nauyinta daban in ta sha ruwa. Inna, ki yi haƙuri ki zauna ɗakin bulo har a yi ruwan farko. In rufin bai motsa ba, na janye maganata.”

Kaka ta ce, “Kwana nawa?”

“Allah kaɗai ya sani.”

Kwana biyar ta yi a ɗakin bulo, kuma kowa a unguwar sai da ya ji labarin zafinsa. Ni ma ban koma Mafara ba, Malam Nazir ya ce in tsaya in ga ƙarshen abin. Ranar Laraba bayan azahar gabas ta yi baƙi, iska ta taso, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya fi awa biyu yana zuba. Ina zaune a cikin soron ni kaɗai, a kan turmi, ina kallon sama ina jin indararo na zuba a waje. Ban taɓa jin tsoron aikina irin na ranar ba.

Washegari da safe Baffa ya zo daga Maradun a kan babur, duk taɓo. Baba Nasidi ya miƙa masa gorar ya ce shi ya gwada da hannunsa. Baffa ya tsayar da ita a tsakiyar ɗaki. Ta shiga yadda ta shiga ranar Juma'a, ba ta matse ba ko kaɗan. Ya matsar da ita gaba, ya dawo da ita baya, ya shafa daɓe ya ji a bushe. Sannan ya jingine ta a bango.

“Sufyanu, ku shigo mata da gadonta.”

Kaka ba ta jira mu ba, tuni ta ɗauko buhun kwanukanta tana ja. Muka mayar da komai inda yake, sai dai gadon ta ce a matsa shi kaɗan. Sai da ta kwanta ta duba sama wajen tafin hannun kakana, ta ce a ƙara turawa, ta sake dubawa, sannan ta ce ya yi. Baba Nasidi ya yi wa ginshiƙan yaɓe a satin, har ba ka cewa ba tare da ɗakin aka gina su ba.

Da na koma bayan wata ɗaya, na tarar leɓen bim ɗin na ƙasa ya zama kantar ajiya. Ta sa an jera mata kwalbar man zafi a kai, da ƙullin daddawa, da carbi, da wani gwangwani da take ɓoye alewar jikoki. Ta sa an ɗaura igiya an rataye faifai.

Na ce, “Amarya, ƙarfen da ke ɗaukar bene kika mayar wurin ajiyar daddawa?”

“Mi za ya yi in bai yi aiki ba? Yana nan kwance bisa kaina yini da kwana, ko sannu.” Ta nuna gwangwanin da haɓa. “Tunda ka hi ni tsawo, sauko mani da shi. Ɗauki ɗaya. Ɗaya nic ce, ina kallonka.”